Maniru Bakanike da Juyen Farko

Wanda ya fito daga cikin garin Bodinga ya nufi Shagari, kafin ya bar gidaje a bayansa zai ga wata rumfar kwano ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, da rami a gabanta wanda ake hawar da mota a kai. Garejin Maniru ke nan. Na koyar da shi a firamare, kuma tun da na ajiye aiki nakan zauna a bencinsa da hantsi. Saboda haka mafi yawan abin da zan faɗa a kansa a gabana ya faru, sauran kuwa daga bakinsa na ji, ko daga bakin iyalinsa.

Maniru ɗan gidan wanzamai ne. Mahaifinsa yana da gidajensa a Bodinga da Sifawa, waɗanda ya gada daga nasa uban, kuma a wancan zamani babu magidancin da zai kira wani wanzami ya yi wa jaririnsa askin suna alhali wanzamin gidansa yana raye. Maniru bai gaji aska ba, domin tun yana ƙarami ganin jini yana tayar masa da zuciya. Da ya gama firamare sai aka kai shi Sakkwato koyon kanikanci, shi da taubashinsa Mode, ɗan ƙanwar mahaifinsa da aka aurar a Shagari. Tabarma ɗaya suka kwana a kai, kwano ɗaya suka ci, a hannun wani tsohon bakanike mai suna Garba, wanda ya yi zamani da motocin Fijo da manyan motocin ɗaukar kaya.

Garba ne ya koya musu sha'anin baƙin mai, wato man da ake zuba wa inji domin ƙarafansa su yi santsi kada su ci juna. Hukuncinsa a kan wannan ɗaya ne, ba ya canzawa: zafin ƙasar Sakkwato yana tsinka mai, don haka mota a nan sai mai kauri, wanda aka rubuta 20W-50 a jikin galan ɗinsa, makanikai kuma suke ce masa ashirin-hamsin. Yakan ɗiga man a kan manuniya, ya murza da babban yatsa, sannan ya raba yatsun a hankali. Idan man ya ja zare kafin ya tsinke, ya amince da shi. Idan kuwa ya gangara ba tare da ya riƙe ba, sai ya ce a kai wa masu keken ɗinki.

Maniru ya riƙe wannan karatu yadda aka ba shi, kuma gaskiya ne tsofaffin motoci sun yi tsawon rai a hannunsa. Injin da ya sha aiki, ƙarafansa suka saki, mai kauri yana toshe masa giɓi, ya rage masa hayaƙi da ƙara. Da suka sami 'yanci daga hannun Garba, Maniru ya kafa rumfarsa a Bodinga, Mode ya kafa tasa a Shagari. Daga baya Mode ya tafi Kaduna ya yi wasu shekaru, ya dawo da wata 'yar na'ura da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Maniru bai taɓa zuwa ganin na'urar ba. Yakan ce wanda Allah ya ba kunne ba ya bukatar akwatin da zai saurara masa.

Abin da ya ɗauko daga gidansu shi ne al'adar gidaje. Maniru ba ya cewa wane mai kawo mini aiki ne, sai dai ya ce gidan wane nawa ne. Idan gida nasa ne, to motarsu da baburansu da injinan ban ruwansu duk nasa ne, ko da rana tsaka aka kira shi fadama zai ajiye abin da yake yi ya tafi. Hakkin da yake nema a madadin wannan guda ne. Duk abin hawan da gidan ya saya, sabo ko ɗan Kwatano, kafin ya yi wata doguwar tafiya sai an kawo masa ya yi juyen farko: ya zubar da man da abin ya zo da shi daga ƙasar wasu, ya zuba nasa da hannunsa, ya yi bisimilla ya tayar da inji. Tsohon man kuma ya ɗura shi a jarka ya mayar wa gidan, a shafe azara da ginshiƙan rumbun albasa saboda gara. Shi a wurinsa wannan juye daidai yake da askin suna. Wanda ya yi shi, shi ne mai abin har ƙarshen ransa.

A cikin gidajensa babu wanda yake taƙama da shi kamar gidan Alhaji Muhammad Sani, babban manomin albasa, mazaunin Bodinga mai gonaki a fadamar Dandin Mahe. Mahaifin Maniru ne ya yi wa dukan 'ya'yan Alhaji aski. Maniru kuma shi ya yi wa tsohuwar a-kori-kurar Alhaji juyen farko, ya riƙe ta har ta ga jikoki. Idan baƙo ya zauna a bencin gareji, ba a daɗewa zai ji labarin wannan mota, da buhunan albasar da ta kwasa, da yadda ba ta taɓa kwana a hanya ba.

'Yar Alhaji, Safinatu, ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti kusa da Mandera. A Bodinga take aure, kullum sai ta bi motar haya ta je ta dawo. Wata shekara, bayan an ɗauke ruwa, ta sayi ƙaramar mota 'yar Kwatano, fara, ƙirar zamani. Maniru ya ji labari tun kafin motar ta iso daga Sakkwato. Ya zaɓi galan ɗin ashirin-hamsin, ya goge masa ƙura, ya ajiye shi daban a kan teburi. Ya wanke jarka. Ya share bakin rami.

Motar ta iso, aka yi ta zuwa ganin ta ana sa albarka. Kullum da safe ta wuce ta gaban garejin ta nufi Shagari, da la'asar ta dawo. Ba ta tsaya ba. Maniru ya ce ai sabuwar direba ce, ba ta iya shiga kan rami ba tukuna. Da aka kwana biyu ya ce wataƙila Alhaji yana fadama, bai sami sukunin tuna mata ba. Daga nan ya daina cewa komai, amma galan ɗin yana nan inda ya ajiye shi.

A wajen wani suna a Dandin Mahe ya ji gaskiyar magana, kuma daga bakin da ya fi kowane ƙona masa rai. Muna zaune a kan tabarma ana raba goro, sai ga Mode ya iso, da sabuwar hula, ya zauna ya matse shi da gangan.

"Ɗan wanzam," in ji Mode, "an ce har yau kana ɗura ma motoci kunun ƙanzo. Ka bari su huta mana."

"Gara kunu da ruwan wanke kwano," Maniru ya ce. "Ina akwatinka? Ko ka baro shi shina yi maka aiki kai ka taho cin waina?"

"Shina can shina hutawa. Shekaranjiya ya gama da motar ɗiyarka Safinatu. Kai, motar ga ta yi kyau! Na yi mata juye, na zuba mata biyar-talatin, tana tahiya kamar ba ta taɓa ƙasa."

Mutane suka yi dariya, domin wasan taubasai ne, kowa ya saba jin su. Mode kansa bai san abin da ya taka ba. A Kaduna ya manta da zancen gidaje, a ganinsa mota ta zo an gyara ta ke nan. Maniru ma ya yi dariya tare da jama'a, amma na ga goron da ke hannunsa ya mayar da shi aljihu bai ɓare ba, kuma kafin a kawo abinci ya ce yana da aiki ya hau babur ɗinsa.

Ba wani makirci aka ƙulla masa ba. Wanda ya sayar wa Safinatu motar ya ce mata ta nemi mai na'ura, Mode kuwa yana kan hanyar aikinta. Ta ajiye motar da safe ta ɗauka da yamma. Da Alhaji ya ji, cewa ya yi da ita ba a yi haka ba, amma tun da an riga an yi, a bar shi. Maniru bai ji wannan ba, kuma ko ya ji ba zai sanyaya masa zuciya ba. Watanni ya yi yana kawo sunan Mode a cikin kowace hira. Idan aka yi zancen tsadar taki, sai ya ɓullo da cewa akwai masu lalata dukiyar mutane da mai kamar ruwa. Idan an yaba wani liman, sai ya ce ai ilimi na gaskiya ba a akwati yake ba.

Da sanyi ya shigo, wata Asabar da safe, sai ga farar motar ta rage gudu ta shigo ƙarƙashin dogon yaro. Safinatu ta fito ta rusuna.

"Baba Maniru, ina kwana? Malam, ina kwana? Birki na ka kuka in na taka. Baba ya ce in kawo maka."

"Ashe kin san hanya," in ji shi.

"Haba Baba, wace hanya ce ban sani ba? Za ni biki cikin gari, da la'asar in biyo."

Ta miƙa masa makulli ta tafi. Aikin birki bai ɗauke shi lokaci ba. Da ya gama sai ya zagaya gaban motar ya ɗaga bonet, ya tsaya yana kallo. Mode yana da al'ada, duk filtar mai da ya ɗaura sai ya ɗiga mata shuɗin fenti, domin ya gane aikinsa idan mota ta dawo. Ɗigon yana nan, ƙarami, a gefen filta. Maniru ya daɗe yana kallon sa. Sannan ya zaro gejin mai, siririn ƙarfen nan da ake duba yawan mai da shi, ya shafa a yatsa, ya murza, ya raba. Man bai ja zare ba.

"Malam, dubi," ya ce. "Dubi abin da anka zuba ma ɗiyar Alhaji. Wanga mai na? In bazara ta zo, da mi za shi riƙe inji?"

Na ce masa ni dai na ji birki ta ambata, ban ji ta ce juye ba. Na kuma nuna masa cewa akwai lamba a rubuce a kan murfin da ake zuba mai, 5W-30.

"Wannan don ƙasarsu anka rubuta," in ji shi, "inda ƙanƙara ka zuba. Su sun san Bodinga? Kyauta ta zan yi mata, Malam. Uba ba shi neman izini shi yi ma ɗiyatai alheri."

Ya hawar da motar kan rami, ya kwance ƙusar ƙasa, ya tsaya har sai da ɗigon ƙarshe na man Mode ya fita. Ya ɗauko galan ɗin nan da ya daɗe a kan teburi, ya yi bisimilla ya zuba. Filtar kuwa bai taɓa ta ba, ya bar ta da shuɗin ɗigonta. Ya ce sabuwa ce, cire ta almubazzaranci ne. Da Safinatu ta dawo da la'asar, zancen birki kawai ya yi mata. Ranar nan na ga Maniru cikin nishaɗin da na daɗe ban gan shi a ciki ba, har rake ya saya wa mazauna benci.

Ba a jima ba motar ta fara sauya hali. Idan aka tayar da ita da sanyin safiya sai injin ya yi ta kaf-kaf kamar ana kaɗa cokali a kwano, kafin ya lafa. A hanya ta yi nauyi, ta ƙara shan fetur. Daga baya wata wuta ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. Safinatu ta tsorata ta gaya wa mahaifinta, ta ce za ta mayar wa Mode ya duba. Alhaji ya hana. Ya ce hannu ɗaya ne ya taɓa cikin injin nan, kuma ga sakamakon barin mutumin gida. Bai tsaya nan ba. Ranar kasuwa a Shagari, a rumfar dillalan albasa, ya faɗa a gaban jama'a cewa Mode ya kashe wa 'yarsa mota da wani mai marar jiki. Maganar Alhaji tana da nauyi a wurin manoma. Wasu da suka saba kai wa Mode babura da injinan ban ruwa suka fara wuce rumfarsa.

Alhaji da kansa ya rako motar garejin Maniru. "Ga amanarka ta dawo," ya ce. "Mu munka yi kuskure. Ka yi haƙuri don darajar mahaifinka."

Abin da Maniru ya yi watanni yana jira ke nan, ya same shi har da ƙari. Amma da Alhaji ya tafi, ya tsaya shi da motar, sai murnar ta fara raguwa. Ya canza fulogi, wutar ba ta mutu ba. Ya wanke wannan, ya ɗaure wancan, ya cire kan batir ya mayar. Wutar ta ɗauke, ya yi hamdala, ya zagaya da motar zuwa Sifawa, kafin ya dawo ta sake kamawa. Safinatu ta koma bin motar haya. Kullum sai ta leƙo ta tambaya, shi kuwa ya ce ɓarnar da aka yi mai zurfi ce, sai a hankali. Komai ya taɓa a jikin motar nan ban da mai. Ba don bai yi zargin man ba. Zubar da shi yana nufin Garba bai faɗi daidai ba a kan kowace mota, kuma Mode ya faɗi daidai a kan wannan.

Matarsa Hasiya ta gaya wa mai ɗakina cewa a kwanakin nan tuwo yana komawa yadda aka kawo shi. Ta ce ta tambaye shi, "Maigida, kai da anka maido ma mota har da ban haƙuri, mi ya hana ka cin abinci?" Sai ya ce mata ita da miya ta sani, ta bar zancen inji. Ta ce masa ita dai ba ta san inji ba, amma ta san fuskarsa tun ba ta da furfura.

Wata safiya sai ga Mode a kan babur, da galan ɗaure a bayansa. Babu sabuwar hula, babu dariya. Ya gaishe ni da ladabi, sannan ya juya ga taubashinsa.

"An ce na kashe mota. Na zo in ga gawa."

"Motar tana hannuna," in ji Maniru. "Ba a sa hannu biyu ga aiki guda."

"Ban taɓa ta. Geji kaɗai zan duba, ka ji ɗan kawu. In laihina na, in tahi da ƙahwata in ba Alhaji haƙuri."

Kafin Maniru ya sami abin cewa, Mode ya ɗaga bonet ya zaro geji. Ya shafa a yatsa, ya murza, ya raba a hankali. Man ya ja dogon zare. Ya sunkuya ya duba filta, ya ga ɗigonsa. Ya miƙe ya dubi Maniru, Maniru kuwa ya dubi titi.

"Wanga zaren na san shi," Mode ya ce. "Tare munka koye shi."

Mode ya goge yatsunsa da tsumma, ya zauna a ƙarshen benci, ya yi magana a hankali, kamar mai bayani ga wanda bai yi masa komai ba. Ya ce lambobin nan biyu ba ado ba ne. Ta farko, wadda take tare da harafi, tana nuna yadda mai yake gudu lokacin da inji yake da sanyi. Ta biyu tana nuna kaurin da yake riƙewa bayan inji ya yi zafi. Ya ce a-kori-kurar Alhaji hanyoyin manta masu faɗi ne, kuma ta tsufa, ashirin-hamsin ya dace da ita. Wannan kuwa hanyoyinta ƙanana ne ƙwarai, kuma akwai wani sashe a kan injin da ƙarfin mai ne yake juya shi. Idan man ya yi kauri ba ya isa can da wuri, sai ƙarafa su yi ta bugun juna a bushe kafin ya iso, motar kuma ta kunna wuta tana ƙorafi. Masu ƙera ta sun san akwai ƙasashe masu zafi, kuma sun rubuta abin da take so a kan murfi da cikin littafinta.

"Oga Garba bai yi ƙarya ba," ya ce. "Motocin zamaninai ya sani. Da shina da rai, da shi ma ya karanta murhi."

"Ka gama wa'azin?" in ji Maniru.

"Na gama." Mode ya kwance galan ɗin daga babur ya ajiye a bakin rami, da sabuwar filta a kansa. "Ka zuba wanga, wutar za ta mutu, in Allah ya so ba a yi ɓarna mai yawa ba. Ni ban hwaɗa ma Alhaji komi. Uwata da ubanka ciki guda sunka hito, ban iya tona ka cikin kasuwa. Ka riƙe gidanka, tunda gida kaka so."

Ya hau babur ɗinsa ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

Maniru ya yi zaune har rana ta take. Sannan ya tashi ya hawar da motar kan rami, ya zubar da mansa, ya cire filta mai shuɗin ɗigo, ya ɗaura sabuwa, ya zuba biyar-talatin. Ya cire kan batir ya mayar, ya tayar da inji. Ya zagaya da ita, ya bar ta ta kwana, da safe ya sake tayarwa. Babu kaf-kaf, babu wuta.

Alhaji ya zo ɗauka tare da Safinatu. Ya sa aka tayar da motar, ya saurara, fuskarsa ta washe. Ya yi ta sa wa Maniru albarka, ya ce gado ba ƙarya ba ne, hannun gidan nan daban yake. Ya ce in an sayar da albasar bana zai ƙaro sabuwar motar ɗaukar kaya, kuma daga Sakkwato nan za ta fara tsayawa, ko gida ba za ta shiga ba sai an yi mata juye. Sannan ya ƙara da cewa shi kuwa wancan na Shagari, Allah ya shirye shi, amma ko keken gidansa ba zai ƙara taɓawa ba.

Da Maniru ya yi shiru, da magana ta ƙare a nan, domin ni ba zan tsoma baki ba, Mode kuma ya yi alkawari. Ina kallon sa yana murza tsumma a hannu. Alhaji ya juya zai shiga mota, sai Maniru ya ce, "Alhaji, ranka shi daɗe, dakata."

Ya faɗi komai a tsaye, a taƙaice, ba tare da ya sassauta wa kansa ba: ranar birki, da man da ya zubar, da filtar da ya bari, da zuwan Mode, da galan ɗin da mansa yake cikin injin yanzu. Safinatu ta rufe baki da gyalenta. Alhaji bai ɗaga murya ba.

"Wa ya ce ka yi juye?"

"Babu kowa, ranka shi daɗe."

"Ɗiyar ga ita kaɗai taka bin hanyar ga, mata masu naƙuda na jiran ta. Da ta tsaya mata cikin daji hwa?"

Alhaji ya ci gaba da cewa:

"Kuma ka bar ni na tashi da girmana na ɓata ɗan mutane cikin kasuwa. Kana ji, kana kallo." Alhaji ya gyara babbar rigarsa. "Tsohuwar mota tana hannunka har ta mutu, don ubanka. Sauran, ka bar su."

Daga nan Alhaji ya sa Safinatu ta kai shi Shagari. An ce a rumfar dillalan nan da ya yi maganar farko, a nan ya tsaya ya warware ta, sannan ya taka har garejin Mode.

Bayan sun tafi na ce wa Maniru ya yi abin da ya dace, Allah kuma yana son mai komawa ga gaskiya. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Malam, kada ka ɗauke ni waliyyi. Ba tausayinai ya kama ni ba. Ya amshe mota, ya hi ni sanin mai, sa'annan shi zo har rumhwata shi yi mani rangwame? Shi koma Shagari shina mutumen kirki, ni in zauna nan ina cin gida da sadakatai? Wannan kam ban bar mashi."

Da aka sayar da albasa Alhaji ya sayo sabuwar motar kayan, ta wuce ta gaban dogon yaro da ledar kujerunta ba a cire ba, ta nufi Shagari. Injinan ban ruwa ma can suka koma, da babura. Tsohuwar a-kori-kura kaɗai take zuwa, tana tari, Maniru yana lallaɓa ta da ashirin-hamsin. Sauran gidajensa suna nan, kuma yanzu idan aka kawo masa motar zamani yakan duba murfi kafin ya zuba komai, ko da yake galan-galan na mai marar kauri a bayan rumfa yake ajiye su, ƙarƙashin buhu. Shi da Mode suna haɗuwa a wajen biki da jana'iza, suna gaisawa, amma wasan ya ragu, kuma Mode ne yake fara miƙa hannu.

Safinatu ba ta riƙe shi a zuciya ba. Kullum da safe idan za ta wuce takan danna masa ham, ya ɗaga hannu. Sai ya ajiye sifana, ya karkata kai, ya bi ƙarar injin da kunne har ta ɓace a hanyar Shagari. Jiya ma haka ya yi, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, ka ji? Akwai wata 'yar ƙara can ƙasa-ƙasa."

Na ce masa ni ban ji komai ba.

"Akwai ta," in ji shi. "Akwatin Mode ba shi jin irin ta. Bari dai bazara ta kama."